Na Tafi Ɗauko Nafisa Daga Jirgin Ocracoke

Asabar kafin asuba, Greensboro

Kiran sallar da ke cikin wayata bai yi ba tukuna lokacin da Alhaji Seidu ya tsaya a ƙofar gidanmu ya kashe fitilun mota. A unguwarmu ba a danna hon a wannan lokaci. Na fito da jakata da darduma, maiɗakina Hajiya Binta ta biyo ni har bakin mota, ta ce, "Malam, don Allah kada ka yi mata faɗa a gaban mutane. Ka dai taho mini da ita."

Na ce in sha Allahu.

Bari in gaya muku, ku da kuke gida, abin da ya tashe ni. Nafisa ce babbar 'yarmu, a nan aka haife ta. Ta gama digirinta a jami'ar da ke gabashin gari, ta samu gurbi a makarantar koyon haɗa magunguna, za su fara a watan Agusta. Har walima muka yi. Da hutu ya zo ta ce ta samu aikin wucin gadi a bakin teku, muka ce ta je ta sha iska. Kwatsam a tsakiyar Yuli ta kira uwarta ta ce ba za ta dawo ba, aikin jirgi za ta ci gaba da yi. Hausar Nafisa gajeriya ce, "jirgi" kawai ta ce. Hajiya ta kwana biyu tana zaton na sama ne, har ta gaya wa yayarta a Kano. Sai da na kira da kaina na matsa, sannan muka gane na ruwa ne, wai wani mai gudu da ke kai fasinja tsibirin Ocracoke. Me take yi a cikinsa? Ta yi mini bayani da Turanci mai sauri, na kama kalmar igiya, na kama ta lasisi, sauran ya wuce ni. Daga baya ta turo tikiti biyu a waya, ta ce in zo in gani tukuna, sai in yi faɗan. Makarantar kuwa, a sanina, ranar Litinin take jiran amsar ƙarshe.

Alhaji Seidu mutumin zangon Kumasi ne, kanikanci yake yi a East Greensboro, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci shekara da shekaru. Shi ya ce ba zan yi wannan tuƙi ni kaɗai da ɓacin rai ba. Hausarsu ta zango ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne. Muna hawa babban titi ya ce, "Malam Kabiru, kwantar da hankali. Yarinya ne, zai dawo."

Raleigh zuwa Swan Quarter

Mun yi asuba a wani wurin hutawar matafiya kafin Durham, a kan ciyawa mai raɓa. Gari ya waye mana a Raleigh. A nan Alhaji ya buɗe kular da maiɗakinsa ta haɗo mana, wake da shinkafa irin nasu da suke ce wa waakye, da baƙin yajin nan nasu mai kifi. Na ci kaɗan. Hankalina yana kan maganar da zan yi wa Nafisa, ina ta jera ta a raina: wahalar da muka sha, da bashin karatu, da abin da ƙannenta za su koya daga gare ta.

Ni na rubuta sunan tsibirin a taswirar waya, muryar matar nan ta cikin waya tana ta ba mu umarni, muna bi. Bayan Raleigh ta ce mu karkata dama. Gonakin taba da na masara suka fara, ƙasa a shimfiɗe kamar fadamar Haɗeja. Can sai ga allo ya ce Washington tana gaba kaɗan. Alhaji ya taka burki har wani mai babbar mota ya yi mana tsawa da hon.

"Ei! Malam, Washington kuma? Wajen shugaban ƙasa za mu?"

Muka tsaya a gidan mai muka tambaya. Mai shagon ya yi dariya ya ce wannan ƙaramar Washington ce, tasu ta nan, kuma mu ci gaba, hanyar jirgi muke.

Da hantsi muka isa Swan Quarter. Ƙauye ne, sauronsa ya fi mutanensa yawa. Titi ya ƙare a bakin ruwa, ga 'yar rumfar sayar da tikiti, ga motoci a layi. Na miƙa wa matar da ke ciki wayata. Ta duba, ta ɗaga tabarau ta sake dubawa, ta ce wannan tikitin ba nasu ba ne.

Na ce, "Ba nan ake hawa jirgin Ocracoke ba?"

Ta ce nan ne, amma ba wannan jirgin ba. Tashoshi uku ne ke kai mutum tsibirin. Nasu motoci yake ɗauka, yana kusan awa uku a kan ruwa, kuma na yau ya cika. Namu na masu tafiya a ƙasa ne, daga Hatteras yake tashi. Na tambaye ta ina Hatteras. Ta nuna ruwa da biro, ta ce tana can ƙetare, amma a mota sai mun zagaya ta arewa, awa biyu da ɗoriya.

Na kira Nafisa, ba ta ɗauka ba. Dama ta faɗa mini in tana bakin aiki wayarta a kulle take.

Hanyar fadama

Ban taɓa bin hanya irin wannan ba a ƙasar nan. Titi siriri, dama da hagu baƙin ruwa a kwance, bayansa daji. Ba gida, ba shago, sai alluna masu hoton wata dabba mai kama da ƙaton kare, wai a kula tana tsallaka titi. Sabis ɗin waya ya ɗauke, matar taswira ta yi shiru. Allurar mai kuma tana ta sauka. Alhaji, wanda bakinsa bai huta ba tun Greensboro, ya koma jan carbi da hannu ɗaya.

Na ce, "Alhaji, anya gabas muke yi?"

Ya ce, "Rana yana bisa kai, Malam. Ni ma ban san ba."

Allah ya taimake mu muka fito wani gari kafin mota ta tsaya, muka sha mai. Daga nan sai gadoji. Wata ta kai mu wani tsibiri, wata ta fitar da mu, wata doguwa ta ɗaga mu sama har na ga teku ta hagu, wani ruwan kuma ta dama. Sai titi ya miƙe kudu a kan ɗan siririn yashi, iska tana kwaso rairayi tana watsa wa gilashi. Na rasa gane yadda mutane suka yarda suka gina gidaje a nan, a kan dogayen ƙafafun katako kamar rumbu.

Hatteras

Mun iso ana daf da lokacin jirginmu. Muka ga layin motoci, wani ma'aikaci mai riga ruwan lemo yana nuna hannu, muka bi. Aka sa mu a layi na uku, mota a gaba, mota a baya. Na yi hamdala. Alhaji ya ce, "Ka gani? Mun kama shi."

Muna zaune sai na hangi wani farin jirgi can gefe yana ja da baya daga gaɓa. Bai yi kama da manyan da ke gabanmu ba. Kamar an jera dogayen kwale-kwale biyu aka ɗora gida mai bene a kansu. Ya juya a hankali, ya fita bakin tashar, sai bayansa ya tafasa fari fat, kafin ka ce kwabo ya zama ɗigo. Na ce wa Alhaji wannan kam yana gudu.

Da ma'aikacin ya iso kanmu na nuna masa waya. Ya dafe kai. Ya ce ai wanda ya tafi yanzu shi ne namu. Wannan layin na jirgin motoci ne, shi kuma can ƙarshen tsibirin yake sauke mutane, nesa da gari. Namu ana ajiye mota ne a hau da ƙafa. Sai da aka matsar da motoci huɗu kafin a fitar da mu, kowa yana kallonmu, ni da hulata, Alhaji da jallabiyarsa.

Wata yarinya a ofis ta canza mana tikiti zuwa jirgin yamma ba tare da wata wahala ba. Muka haɗa azahar da la'asar a inuwar mota, muka ci soyayyen kifi da dankali a wata rumfa. Can saƙon Nafisa ya shigo daga ƙetaren ruwa, tana tambaya ina muke, ta duba fasinja ɗaya bayan ɗaya ba ta gan mu ba. Na rasa ta inda zan fara. Na rubuta mata muna nan, muna jira.

A cikin jirgi

Da jirgin ya dawo na tsaya a bakin shinge ina neman 'yata. Ina neman doguwar riga da mayafi, yadda ta bar gida. Alhaji ya taɓa ni ya ce, "Ga shi can, yana jan igiya."

Na duba na ga wani ma'aikaci ya ba mu baya, da wando da hular hana salla da rigar ceto, ya cafe wata igiya mai kaurin hannuna yana naɗa ta a turken ƙarfe. Na ce, "Alhaji, Nafisa nake nema, me ya haɗa ni da wannan?"

Ya ce, "To ai shi ne."

Ban kula shi ba, na ɗauka shirmen Hausarsa ne. Muka shiga muka zauna a kujerun ƙasa kusa da taga. Ciki kamar babbar bas, ga sanyin na'ura, ga wurin rataye kekuna a baya. Sai lasifika ta buɗe, wata murya ta yi wa fasinja maraba, ta faɗi inda rigunan ceto suke, ta ce yau akwai iska, kowa ya riƙe ƙarfe in zai tashi. Muryar da ta yi shekara ashirin tana ce mini Abba ce. Na juya na kalli Alhaji, ya buɗe hannuwa.

Da farko lafiya lau. Da muka fita sarari injin ya canza kuka, gaban jirgin ya ɗaga, na ji an manna ni da kujera. Alhaji ya tafi baya ya leƙa, ya dawo yana murna, wai ba farfela ke tura shi ba, ruwa yake zuƙa ya feso ta baya. Abin da ban gane ba, tsibirin yana hagunmu, ina ganinsa, amma jirgin ya nufi dama. Ya yi nisa, ya karkato, ya sake komawa. Na ce ko direban ma ya ɓata ne irin tamu.

Daga nan raƙuman ruwa suka fara dukanmu. Jirgin ya hau, ya faɗo da ƙarfi, ya sake hawa. Kifin Hatteras ya taso mini har wuya. Gumi ya karyo mini cikin wannan sanyi. Ina riƙe da kujerar gaba sai na ji an durƙusa a gefena.

"Abba, sannu da zuwa. Ina wuni?"

Ita ce. Ƙarƙashin hular akwai baƙin ɗankwali da ya rufe gashinta da wuyanta. Ta yi duhu, fatar hancinta ta saɓule, kafaɗunta sun buɗe. Ta gaida Alhaji, ta kira shi Baba Seidu. Na buɗe baki in fara maganar da na yi tun Raleigh ina shiryawa, ta yi sauri ta tara mini jakar takarda. Abin da ya fito ke nan.

Ta ba ni alewar citta, ta kama hannuna ta fitar da ni waje wurin iska, ta ce kada in kalli ƙasa, in kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa. Ni ina tangaɗi, ita tana tsaye ba ta riƙe komai ba. Da na ɗan samu numfashi na tambaye ta me ya sa muke ta zagaye. Ta ce ruwan nan faɗi gare shi amma ba zurfi, akwai tudun yashi a ƙasa, kuma yashin tafiya yake yi, hanyar bara ba ita ce ta bana ba. Rediyon kafaɗarta ya yi magana, ta ce tana zuwa, ta tafi. Na zauna a benci da jakata a hannu har muka shiga tashar.

Ocracoke

Gari ne ƙarami da ya kewaye wani tafki mai cike da jirage. Mutane a kan kekuna da ƙananan motocin lantarki irin na filin golf. Ba masallaci, ban ga baƙar fata ba sai ɗaya ko biyu. Ƙasa ta ci gaba da lilo da ni ko da na sauka. Nafisa ta kama mana ɗaki a wani ƙaramin masauki, mai gado biyu da warin gishiri. Bayan ta tashi daga aiki ta kai mu inda take zaune tare da wasu mata biyu abokan aikinta. Na duba ko'ina da idon uba. Ga dardumarta a ninke a kan kujera, ga manyan takalman roba a bakin ƙofa, ga littattafai masu hoton taswirar ruwa. Ta dafa mana shinkafa da kifi, ta barbaɗa yajin uwarta.

Kafin magariba muka zauna a kan wani dandamalin katako a bakin ruwa. Na ce mata gobe za ta haɗa kayanta, Litinin za mu kira makaranta.

Ta sunkuyar da kai. Ta fara da Hausa, Hausar ta ƙare mata, ta koma Turanci. Ta ce ta riga ta rubuta wa makarantar tun makon jiya, ta ce su ba wani gurbin.

Na ce, "Me kika ce?"

Ta maimaita. Na ji kamar jirgin ya sake faɗowa da ni. Ashe duk gudun da muka yi tun asuba, Litinin ɗin da nake tsoro babu ita. Na tambaye ta to me ya sa ta turo mini tikiti. Ta ce don ba ta so in ji a waya. Ta ce shekara huɗu tana shiga ɗakin gwaje-gwaje kamar mai shiga kurkuku, ba ta faɗa ba saboda ta ga yadda nake kallonta in ta kawo sakamako. A nan kuwa tun kafin agogo ya buga take tashi. Tana tara kwanakin aiki a kan ruwa, in sun cika ta zauna jarrabawa, ta samu lasisin tuƙa jirgi. Kyaftin take so ta zama.

Na ce, "Kyaftin. Ke. A danginmu kaf wa ya taɓa iya iyo?"

Na faɗi wasu maganganun kuma, murya ta ɗaga, har wasu masu kamun kifi suka waiwayo. Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu, ta ce asubanci za ta yi, ta yi mana sai da safe.

Muka yi magariba ni da Alhaji a ɗaki. Bayan sallama ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Malam, ka san ɗana Rashid da ke Atlanta. Na ce sai ya yi abin da nake so. Na yi nasara, ya yi. Yau Salla uku bai kira ni ba." Ya naɗe dardumarsa. "Naka ya aiko maka tikiti."

Lahadi, komowa

Da safe iska ta kwanta, ruwa kamar faranti. Ban ci komai ba don tsoron jiya. Nafisa ta karɓi tikitinmu a bakin tsani kamar na kowa, ta gaishe ni, na amsa a taƙaice. Mun yi nisa sai ta sauko ta ce kyaftin ya ce in ina so in hau sama in gani. Na so in ƙi. Alhaji ya riga ya miƙe.

Kyaftin ɗin wani dattijo ne mai jar fuska, ya ba ni hannu ya nuna mini inda zan tsaya a bakin ƙofa. Na zaci zan ga babban sitiyari, sai na ga allunan kwamfuta da wani ɗan mariƙi da bai fi cokali ba. Ya yi wa Nafisa magana, ya ja kujerarsa baya kaɗan, ta zauna a ta kusa da shi ta ɗora hannu. A gabanmu akwai turaku jajaye da koraye a tsaye cikin ruwa, wasu nan, wasu can, ban ga wata hanya a tsakaninsu ba. Ita tana gani. Ta faɗi wata lamba, ya gyaɗa kai, jirgin ya kwanta dama da mutum fiye da yawan sahun masallacinmu a cikinsa. Ta gefen taga na hangi yashi fari a ƙarƙashin ruwa, kusa ƙwarai, yana wucewa da gudu. Na kama ƙofa. Tsawon lokacin nan ko sau ɗaya ba ta waiwayo ta dube ni ba. Na rasa abin da ke cikin ƙirjina, ko tsoro ne, ko fushi, ko wani abu da ban shirya masa ba.

A Hatteras ba a ba mu lokaci ba. Ta ɗaure igiya, fasinja suka fita, wasu suna jiran shiga. Ta cire safar hannu ta zo ta durƙusa a gabana a kan katakon nan, Turawa suna ratsa mu da kekunansu.

"Abba, ka yarda?"

Na ce, "Ban ce na yarda ba. Ban gane ba tukuna."

Ta ce to.

Na ɗora hannu a kan hular nan tata, na ce Allah ya tsare, ya kiyaye ta da waɗanda take ɗauka. Ta ce amin. Aka kira ta a rediyo, ta tashi da gudu.

Greensboro

Mun biyo hanyar da ya kamata mu bi tun farko, ba fadama, ba Washington. Alhaji ya yi ta ba ni labarin injin jirgin, ni ina kallon gonaki. Mun shigo gari ana kiran isha a wayata. Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa. Ba ni ta kalla ba, kujerar baya ta leƙa. Ta juya ta shiga ciki.

Na same ta a kicin, ta yi tuwo da miyar kuka mai yawa. Na gaya mata komai, har da jakar takarda. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana goge murfin tukunyar da ba ta da datti, sannan ta ce, "Tana salla?"

Na ce tana yi.

"Tana cin abinci?"

Na ce tana ci, yajinta ma ya kusa ƙarewa.

Ta ajiye murfin. Ta ce, "To Asabar mai zuwa ni za ka kai. In na gani da idona, sai mu san abin da za mu ce wa mutane."

Har yau da nake rubuta wannan ban san abin da za mu ce musu ba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ya kuma nuna mini 'yata da ƙafafunta a tsaye. Na gode wa Alhaji Seidu da motarsa da haƙurinsa, da maiɗakinsa da ta ciyar da mu, da matar Swan Quarter da ta nuna mana ruwa da biro. Ku da kuke gida, in kun idar da salla, ku sa da Nafisa a addu'a, tana kan ruwa kullum daga safe har yamma.